Gonar da Kanuna Bai Ambata Ba

Mijin yayata sunansa Kanuna, wato babban kwaɗon nan na bakin rafi, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne da in ka tambaye shi ko ya ga dokinka, sai ya faro maka daga kakar dokin. Ni kuma Uguku ake ce mini, mujiya ke nan, wai don da rana nake barci. Sharri ne. Ba na barci sai in Kanuna ya miƙe zai yi magana.

A ɗakin taron garinmu ba a katse mutum. Akwai wata igiya da aka jera wa fararen duwatsu, duk wanda ke riƙe da ita shi ke da baki, sai ya gaji don kansa ya miƙa wa na gaba. To, Kanuna ba ya gajiya. An taɓa yin matar da naƙuda ta kama yana tsakiyar jawabi, aka fita da ita, ta haihu, aka dawo da albishir, shi ko kan abin da ya tashi faɗa bai iso ba.

Shekara talatin yana zaune a gidan Yaya Kamama a bakin Ƙoramar Kunkuru. Na ce gidan Yaya don nata ne. Gonar ma tata ce, wurin innarmu ta gaje ta, innarmu kuma wurin tata uwar. Shi Kanuna abin da ya shigo da shi bindiga ce da bargo da wannan bakin nasa. Gona ce mai baƙar ƙasa, masara ta fi mutum tsawo, wake ya hau ta, kabewa ta bi ƙasa. Akwai itatuwan tuffa a gefe, da shingen duwatsu cikin ruwa na tare kifi, sai kabarin innarmu can wajen gindin tudu. A kan wannan gonar na tafka wautar da ta fi kowace a rayuwata.

Shekarar da Turawan gabas suka gama faɗa da sarkinsu na ƙetaren teku, suka kafa wa kansu sabuwar gwamnati, sai ga manzo. Wai gwamnati na son zama da mu ƙabilar Ceroki a shata iyaka tsakanin ƙasarmu da tasu. Mun san irin wannan zaman. Duk sanda aka shata iyaka sai mu wayi gari ta matso, sai ka ce ƙafa gare ta. Tafinta, wani Bature ɗan kasuwa da ke auren 'yar garinmu, ya tsegunta mana cewa wannan karon layin da suke so zai bi ta kan tudun bayan gari, ya yanke duk abin da ke gabas da shi. Ƙoramar Kunkuru kuwa tana gabas.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na miƙe a taro na ce ai Turawan nan duk wanda ya zo zaman su ke ciyar da shi, kuma an ce shanu talatin kacal suka koro. Ga sanyi ya ƙarato, ganye ya fara zuba. In abinci ya ƙare ba a sa hannu a takarda ba, dole su tattara su koma, mun ci ribar shekara guda ke nan. Saboda haka mu tafi gaba ɗaya, har tsofaffi da masu goyo, kowa da cikinsa, sannan a damƙa wa Kanuna igiya. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Shi Kanuna ya ɗauka girmama shi aka yi, ko kuma ya gane ya yi kamar bai gane ba. Har yau ban tantance ba.

Aka tsara shi ne farko, ni na biyu. Dalili kuwa, a wurinmu miji ba ya buɗe baki a kan gonar matarsa a gaban jama'a, ko da shi ya sare kurmin da hannunsa. In ya yi, ya nuna ke nan matar ba ta da dangi, ko kuma idonsa na kan abin da ba nasa ba. Ɗan'uwanta ke tsaya mata. Da a ɗakin taronmu ne ma, Yaya da kanta za ta miƙe, kuma kowa ya san ba ta da ƙaramin baki. Amma Turawan sun aiko cewa su ba sa zama da mata. Mu huɗu innarmu ta haifa maza, yaƙi da agana suka kwashe uku, ni kaɗai na rage mata.

Ranar da za mu tashi tana ɗaure kaya ta ce, "Auta, kai ne bakina. Kada ka yi mini barci."

Na ce, "Yaya, hana mijinki magana ki gani in zan ko lumshe ido."

Kwana biyu muka yi a hanya. Wurin zaman wani fili ne a bakin kogi, an kafa rumfar ganye, Turawa uku a kan kujeru, da magatakarda a gefe da tulin takardu. Babbansu muka sa masa Mai Agogo, don yana da wani ɗan agogo a aljihu da yake yawan leƙawa. Shi ya fara. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, gwamnati uba ce gare mu. Muka dubi juna. Uba ai mutumin kirki ne da ke kawo nama ya yi wasa da yara. Da ya ce gwamnati kawunmu ce, da mun ɗan shiga taitayinmu, don a wurinmu ɗan'uwan uwa ke horon yaro.

Sai Kanuna ya miƙe. Ya gyara bargo, ya yi gyaran murya, ya naɗa igiyar a hannu, ya ce kafin a yi maganar ƙasa ya dace baƙi su san yadda aka yi ƙasar ta samu. Ya faro daga zamanin da duniya duk ruwa ce, ɗan ƙwaron ruwa ya nitse ya ɗebo laka. Har rana ta take tsaka lakar nan ba ta bushe ba. Sai da rana ta karkata sannan babbar ungulu ta fito shawagi, fukafukanta suka yi ta dukan ƙasa tana da taushi, kwaruruka da duwatsu suka bayyana. Tafinta na biye da shi jimla jimla. Mai Agogo ya ciro agogo, ya mayar, ya sake cirowa. Mu kuma muna ta amsawa da "haka ne, haka ne," kamar yadda aka saba, ni dai har inda na ji. Da aka tashi Kanuna bai miƙa igiyar ba, ya rataya ta a wuya ya nufi wurin abinci. Mu wajen ɗari takwas ne, kuma ba wanda ya ji kunyar ƙari.

Rana ta biyu ya sauko ƙasa. Ya kama kogunanmu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙoramunsa, kowace ƙorama da labarinta. Ga inda kakar wane ta kori beyar, ƙaton naman dajin nan, da taɓarya. Ga mashigin da dokin wane ya ƙi tsallakawa shekara biyu a jere. Ga tudun da aka yi faɗan da ba wanda ya tuna dalilinsa, sai shi Kanuna, kuma ya faɗi dalilin. A nan ne magatakarda, wanda jiya ya yini yana fiƙe alƙalami, ya duƙufa rubutu. Mun gan shi, ba mu kawo komai a ranmu ba. Ni cewa na yi ƙila wasiƙa yake rubuta wa matarsa, yana gaya mata kada ta jira shi bana. Muryar tafinta ta fara dishewa tun kafin yamma.

Rana ta uku na farka don na ji sunayen da na sani. Ya iso garinmu. Ya ambaci gonar gari, da filin ƙwallo, da maɓuɓɓugar da mata ke ɗiban ruwa. Ya ambaci gonakin 'yan'uwansa mata, don shi ne bakinsu. Ya ambaci na maƙwabta, don wannan shaida ce, ba mai cewa yana da wata manufa. Ya hau tudun bayan gari, ya gangaro gabas, gona bayan gona, har ya iso bakin Ƙoramar Kunkuru. Sai ya tsaya. Ya waiwayo ya dube ni, ya ɗan sunkuyar da kai, ya tsallake zuwa hayin can ya ci gaba. Tsofaffin mata da ke zaune a baya suka jinjina kai, na ji wata na cewa duk surutunsa an yi masa tarbiyya. Ni ma na ji daɗi, don ya bar mini rabona kamar yadda ya kamata.

Da yammar nan Yaya na naɗe tuwon masara da wake cikin ganye za ta jefa a tukunya, mu biyu muna zaune muna jira. Ba ta ɗago ba ta ce in karɓi igiyar gobe da safe in faɗi tawa, hankalinta bai kwanta da wannan mai rubutun ba. Kanuna ma har ya kai hannu wuya zai cire. Ni kuwa na je na leƙo garken, shanu biyar suka rage. Na ce a ƙara yini ɗaya tak, gobe war haka Turawa sun fara ɗaure kaya.

Yaya ta ce, "To, ko in ce masa ya faɗa da bakinsa? Sau ɗaya dai."

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu ina jin kunyar yadda ya ɓaci. Na ce, "Ina raye? A koma gida ana cewa Kamama ba ta da ɗan'uwa sai miji?"

Ta dube ni, ta ci gaba da naɗin ganyenta. Kanuna ya ce mini a hankali, "Ƙanina, ni fa na kusa ƙarewa." Na ce ya ƙare ina, ko taurari bai taɓa ba, ga kifaye na jira. Ya ɗan yi tunani, na ga idonsa ya yi haske. Taurari ai nasa ne.

Rana ta huɗu yana kan 'yan samarin nan bakwai da suka yi ta rawa har suka tashi sama suka zama taurari. Ya kai na huɗu. Sai Mai Agogo ya rufe agogonsa ƙas, ya miƙe, ya kama magana a kan maganar Kanuna.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an yi haka ba. Mutum na tsaye da igiya a hannu! Kanuna ya sandare baki buɗe, hannunsa ya damƙe duwatsun nan gam.

Tafinta, da ɗan abin da ya rage masa na murya, ya juya mana. Wai sun ji, sun kuma gamsu, dattijon nan ya san ƙasarsa. Gwamnati mai tausayi ce. Duk wurin da ya ambata magatakarda ya rubuta, kuma duk namu ne, layi zai zagaye su. Abin da bai ambata ba shi ne na gwamnati. A kawo takarda, gobe su za su kama hanya.

Sai wuri ya kaure da murna, don wane wuri ne Kanuna ya bari bai ambata ba? Har mashigin da doki ya ƙi tsallakawa ya shiga takarda. Sun zo neman gabas gaba ɗaya, ga shi sun tashi da ɗan tsiri. Dattawa na ta dafa kafaɗar juna. Ni kaɗai na tuna gonar da ya tsallake, ni da Yaya can baya da ban iya waiwayawa na duba ba.

Na miƙe. Amma igiyar na hannun Kanuna, shi kuma bai dawo hayyacinsa ba. Ku yi mini dariya in kun so, Bature ya katse mutum a gabana yanzun nan, amma ni bakina ya ƙi buɗuwa ba igiya. Na tsaya ina jira a miƙo mini kamar wani mutumin kirki. Sai da na ga an fara tsoma alƙalami a tawada sannan na yi ta maza, na ce akwai Ƙoramar Kunkuru, akwai gona a bakinta.

Mai Agogo ya sa aka duba takarda, babu. Ya tambayi wa ke zaune a wurin. Tafinta ya nuna Kanuna. Sai Baturen ya yi murmushi, ya ce mutumin da ya yi kwana huɗu yana magana, ya tuna dokin wani, amma bai ambaci gonarsa ba, ai ya yafe ta ke nan. Na ce ba tasa ba ce, ta matarsa ce, shi ya sa. Tafinta ya buɗe baki, sai iska ta fito, ya ƙoƙarta ya matso 'yan kalmomi. Ko me ya isa kunnensu, oho. Turawan uku suka tuntsire da dariya, sun ɗauka barkwanci nake yi. Wai gonar matar mutum ba tasa ba!

Na juya wajen dattawa. Tsohon garinmu ya ja ni gefe, ya ce in aka sake kwance maganar nan saboda gona ɗaya, ƙila a rasa duka, in yi haƙuri. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. A wurinmu in ba ka yarda da abin da taro ya yanke ba, sai ka tashi ka fita, kowa ya san ba da kai aka yi ba. Na tashi na fita. Daga baya tafinta ya gaya mini Turawan sun ce madalla, mai gardamar ma ya haƙura.

Aka ba mu zuwa lokacin shuka mu tashi. A hanyar komawa Kanuna ya zama gwarzo, masu yi masa dariya jiya su ke riƙe masa doki. Shi kuwa kwana biyun nan ban ji ya ce uffan ba. Da na tsokane shi na ce ashe ana iya rufe bakin kwaɗo, ko kallona bai yi ba, ni ma ban sake ba.

Na zaci Yaya za ta fitar masa da bindiga da bargo ƙofar gida, don haka matanmu ke sallamar miji. Ba ta yi ba. Na zaci ni za ta wanke tas, har na shirya kunnuwana. Shi ma ba ta yi ba. Duk sanda na je sai ta zuba mini kunun masara mai tsami kamar kullum, ta tambayi lafiyar gwiwata. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da sanyi ya wuce, 'yan'uwan innarmu suka yanka mata wani fili a yamma da tudu, mai tsakuwa, ba ruwa kusa. Ranar ƙarshe muka tafi tsohuwar gonar mu uku da safe, mu tono 'yan ƙananan tuffa da za su iya jure dashe. An riga an sassare jikin itatuwan kan tudu da gatari, alamar layi. Muka duƙufa tono. Da muka gama ɗaure saiwoyin cikin jiƙaƙƙen ganye, Yaya ta je ta ƙara dutse ɗaya a kabarin innarmu, ta dawo ta zauna a kan kututture. Igiyar nan na wuyan Kanuna har lokacin, don bai gama jawabinsa ba, ba kuma wanda ya iya tambayarsa ita.

Ta ce, "Kanuna, yanzu ba tawa ba ce. Ba wanda zai ce ka yi rashin ta ido. Faɗi."

Ya dube ta. Ya cire igiyar ya naɗa a hannu, ya miƙe, ya gyara bargo. Na gyara zama na jingina da itace don sabo.

Bai faro daga ruwa da laka ba. Ya fara da dutsen da take wasa fartanya a kai, ya nuna inda ya lotse. Ya nuna kusurwar da ruwa ke kwanciya, ya faɗi shekarar da suka gane wake ba ya son wurin. Ya bi itatuwan tuffa ɗaya ɗaya, wannan an dasa ta shekarar da aka haifi babbar 'yarsu, wannan shekarar da suka binne ɗan da bai yi kwana goma ba, wannan mai tsamin Yaya ta ce a sare ta, shi ya ƙi. Ya faɗi wane dutse a shingen kifi innarmu ta ɗora da hannunta. Ya nuna inda ya fara ganin Yaya tana korar hankaki, ta jefe shi da hoge ta ce ya matsa yana tare mata rana. Har inuwar da nake kwanciya in an sa ni gadi bai manta ba, ya ce ciyawar wurin har yau ba ta miƙe ba. Yaya ta yi dariya, tana yi tana share ido da gefen zane.

Ni da na shirya jawabina tun kafin mu tafi zaman, jimla uku ne. Gonar yayata ce, daga ƙorama zuwa tudu, a bar mata. Iyakar abin da na sani ke nan game da wurin da aka haife ni. Wanda ya san ta ciki da bai shi na hana, don kada a ce Kamama ba ta da ɗan'uwa.

Rana ba ta kai tsaka ba ya gama. Shi ne jawabi mafi gajarta da ya taɓa yi, kuma shi kaɗai na ji daga farko har ƙarshe. Ya warware igiyar daga hannunsa, ya tako har inda nake, ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ake yi a taro.

Ya ce, "Ƙanina, na gama. Saura kai."

Yaya ta juyo tana jira. Na karɓa, na miƙe, na gyara bargo. Ƙoramar na ta gudu, wani hankaka ya sauka a kan rumfar gadi ba mai korarsa. Na daɗe a tsaye. Can Yaya ta tashi ta ɗauki ɗaurin tuffa ɗaya, ta ce mu tafi kada saiwoyin su bushe.

Garin sun haɗa wata igiyar tuni. Waccan ita ce wannan da kuke gani a wuyana, shekara ashirin da biyu ke nan. Ba a karɓar ta sai mutum ya gama magana, ni kuwa ban fara ba.